Timia, Tafadek da wani ƙaramin gari a Jamus: tarihin garuruwan da ruwa ya kafa



Makon jiya, a shirinmu na bayan isha'i, mun yi hira a kan ruwan zafi na Tafadek. Bayan mun rufe shiri sai ga saƙon murya daga wani ɗanmu, tsohon mai yi wa turis jagora, wanda yanzu yake aiki a wani otel a kudancin Jamus. Ya ce mana: "Ku da kuke zancen Tafadek, garin da nake zaune ɗin nan ruwan sanyi ne kawai ya gina shi, irin na rijiya. Da suna da abin da Allah ya ba mu, ban san inda za su kai ba." Maganar ta tsaya mana a rai. Muka ce bari mu bi tarihin garin nasa, mu ajiye shi kusa da namu, mu ga abin da zai fito. Rubutun yana da ɗan tsawo, a ɗora shayi.

GARIN DA RUWAN SANYI YA TAYAR

Sunan garin Bad Worishofen, a jihar Bavariya, yamma da birnin Munik. Kalmar Bad a Jamusanci wanka take nufi, kuma in kun duba taswirar Jamus za ku ga garuruwa da dama da sunansu ya fara da ita. Gari ba ya liƙa wa kansa wannan kalma don ya ga dama. Sai hukuma ta auna ruwa, ta auna iska, ta tabbatar akwai likita da wuraren kula da masu jinya, kuma bayan wasu shekaru a dawo a sake dubawa. Jamus tana da garuruwan jinya da hutawa sama da 350. A 2021 UNESCO ta saka garuruwan wanka 11 na ƙasashen Turai 7 cikin kayan tarihin duniya, uku daga ciki na Jamus ne: Baden-Baden, Bad Ems da Bad Kissingen. Waɗannan wuraren sarakuna ne da masu kuɗi tun da can. Worishofen kuwa ƙauyen manoma ne da masu shanun tatsa, kuma a lokacin ba shi da wani marmaro da aka san shi da shi.

Wanda ya sauya masa tarihi wani malamin coci ne, Sebastian Kneipp. An haife shi a 1821, ɗan masaƙi ne, talaka futuk. Yana ɗalibi ciwon huhu ya kama shi har aka fara fid da rai. A lokacin sanyin 1849 ya riƙa zuwa kogin Danub yana tsoma jikinsa na ɗan lokaci kaɗan, ya fito ya koma gida da sauri. Ya samu sauƙi, ya kuma yi imani ruwan ne sanadi. A nan bari mu tsaya mu faɗi gaskiya: yau an san tarin tibi maganin likita ke warkar da shi, kuma a ƙasarmu kyauta ake ba da shi, kada wani ya ji wannan labari ya je ya faɗa tafki.

A 1855 aka tura Kneipp Worishofen ya zama limamin wani gidan mata masu zaman ibada. Ya kama kula da gonar gidan, yana kiwon zuma, talakawa kuma suka fara zuwa wurinsa da ciwace-ciwacensu. Abin da yake yi musu ba shi da tsada: ya kwarara musu ruwan sanyi a gwiwa ko a baya da butar ban-ruwa, ya sa su taka raɓa da safe ba takalmi, ya ba su ganyaye, ya ce su rage cin mai nauyi, su riƙa motsa jiki. Likitoci da masu kantin magani sun kai ƙararsa ba sau ɗaya ba. A 1886 ya fitar da littafi a kan hanyar jinyarsa, aka fassara shi cikin harsuna da yawa, sai baƙi suka yi ta kwararowa dubbai, har manoma suka riƙa ba da hayar ɗakunansu. A 1896 jirgin ƙasa ya iso ƙauyen. Shekara ɗaya bayan haka, a 1897, Kneipp ya mutu.

To, ga inda ya kamata mu buɗe kunne. Sau nawa muka ga mai magani ya shahara, ya mutu, wurinsa ya koma kufai? Worishofen bai koma kufai ba, don kafin mutumin ya mutu ya riga ya gina gidajen jinya, ya jawo likitocin boko cikin aikin, an rubuta yadda ake yin kowane abu, an koya wa wasu. A 1920 aka ba ƙauyen kalmar Bad, a 1949 ya zama birni. A shekarun 1970 aka haɗe masa ƙauyukan da ke kewaye, Schlingen, Kirchdorf, Stockheim da Dorschhausen, suka zama hukuma ɗaya. Duk baƙon da ya kwana yana biyan wani ɗan haraji na musamman, da shi ake gyara lambunan shaƙatawa da hanyoyin tafiya da kwatamin da ake taka ruwa a ciki.

Su ma sun ga tasu. Bayan yaƙin duniya na biyu asusun inshorar lafiya da na fansho ne ke biya wa ma'aikata zuwa jinya, garuruwan wanka suka saba da kuɗin da ke zuwa da kansa. A 1996 gwamnati ta yi dokar tsuke bakin aljihu, aka rage kwanakin jinya daga mako huɗu zuwa uku, aka tsawaita tazarar da mutum zai jira kafin ya sake zuwa. Daga 1997 gadaje suka zauna ba kowa, gidajen jinya da yawa a faɗin ƙasar suka rufe, mutane suka rasa aiki. Takarda ɗaya da aka sa wa hannu a babban birni ta girgiza garuruwan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

BAJAMUSHEN DA MUKA FI SANI

A shekarar da aka haifi Kneipp, wato 1821, a ita aka haifi wani Bajamushe a Hamburg wanda mu ƴan Abzin muka fi jin sunansa tun muna lakwal: Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Ya taso daga Tarabulus a watan Maris na 1850 tare da Richardson ɗan Ingila da Overweg ɗan ƙasarsu. A farkon Satumba suka sauka Tin Tellust, arewa da mu, a hannun Annur, dattijon Kel Ewey. Daga nan Barth ya wuce Agadas a watan Oktoba, gidan da ya sauka yana nan har yau ana nuna wa baƙi. A ƙarshen shekara suka bi ayarin gishiri zuwa kudu, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851.

Abubuwa uku daga cikin abin da ya rubuta sun shafe mu kai tsaye. Na farko, ya tarar da Kel Ewey suna jin Hausa kamar yadda suke jin Tamajek, shi kansa a wannan tafiya Hausarsa ta nuna. Don haka mai mamakin ɗan Timia yana rubutu da Hausa, ya sani abin ya fi shekara 170. Na biyu, ya ba da labarin Asode, tsohon birnin da kangonsa ke kan hanyarmu ta Iferwan, cewa tun a lokacin yawancin gidajensa sun zama kufai. Na uku, kafin su iso Tin Tellust sun yi zango a wani kwari busasshe, aka yi ruwa a kan duwatsu, cikin ɗan lokaci kwarin ya zama kogi mai tumɓuke itatuwa yana tafiya da dabbobi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙoramar Timia a watan Agusta ya ji ƙugin ruwa yana tahowa, ba ya bukatar a fassara masa wannan shafi.

Wannan ruwan da ke ɓarna shi ne kuma dalilin zaman Timia. Ruwan sama kaɗan ne a nan, amma duwatsu suna tattara shi su zubo shi cikin ƙorama, yashi ya shanye ya ɓoye shi daga rana. Rijiyoyin garake daga wannan ajiya suke sha har shekara ta zagayo. Kaskad ɗinmu da agelmam ɗin da ke ƙarƙashinsa, wanda hotonsa ya zagaya duniya, ɗan abin da ya fito fili ne. Babbar dukiyar tana ƙarƙashin yashi. Kakanninmu da suka ce aman iman, ruwa shi ne rai, lissafi suke yi.

DUWATSUN MURHU UKU

Tukunyar Timia a kan duwatsu uku take zaune: ayari, awaki da garka.

Ayari shi ne babba a da. Wajen watan Oktoba maza su ɗaure wa raƙuma dammunan ciyawa, su ɗauki hatsi, su keta Tenere zuwa Balma. Wannan ita ce taghlamt. Su sayo kantun gishiri da dabino, su dawo gida su ɗan huta, sannan su gangara kudu: Damargu, Damagaram, Tasawa, har ƙasar Kano da Katsina. A can su sayar da gishiri su sayi gero da tufafi, raƙuma su yi kiwo a gonakin da aka girbe suna bar wa manoma taki. Sai damina ta kusa su juyo gida. Namiji yakan yi fiye da rabin shekara ba ya gida. Su wa ke riƙe da gari? Mata. Su ne ke cikin kwaruruka da awaki, suna tatsa, suna yin cuku, suna tarbiyyar yara, suna lissafin hatsin da ya rage a rumbu. Tarihin da ya ambaci madugai ya manta da waɗannan mata, rabin tarihi ne.

Kun ga ke nan Timia ba ta taɓa zama ita kaɗai ba. Mai garka a Krip-Krip ko Abarakan, mai awaki a kwari, mai raƙumi a hanyar Balma, sau da yawa ƴan gida ɗaya ne. Wannan ya ba da alkama, wancan ya ba da cuku, wancan ya kawo gero.

Babbar girgiza ta zo da yaƙin Kawsan. A watan Disamba na 1916 Kawsan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas, har zuwa Maris na 1917 da dakaru suka taso daga Damagaram suka fasa ta. Ramuwar gayyar da ta biyo baya ta yi muni ƙwarai. An kashe malamai, an kwashe raƙuma, an tilasta wa mutane barin duwatsu su koma kusa da Agadas da kudu inda ido zai riƙa ganin su. Asode daga nan ba ta sake tashi ba. Baturen Ingila Francis Rodd da ya zagaya Abzin a 1922 ya tarar da ƙauyuka da yawa ba kowa. Waɗanda suka dawo sun dawo ba dukiya, kuma mutumin da aka raba da raƙumansa, in yana da ƙorama a gabansa, rijiya zai haƙa. Daga nan garka ta fara ƙara nauyi a cikin duwatsun nan uku.

Yaranmu na yanzu da yawa ba su taɓa ganin takarkart tana aiki ba. Katakai ne ake kafawa a bakin rijiya da ƙafar jan igiya a sama. Sa ko raƙumi ya ja, gugan fata ya hau ya juye cikin kututturen da aka fafe, ruwa ya bi lambatu zuwa fangali, yaro yana gaba yana jan dabba, babba yana can da hauya yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan. Aiki ne mai cin rai. Amma yana da wani amfani da ba mu lura da shi ba sai da ya tafi: dabba tana gajiya. In ta gaji an tsaya, rijiya ta huta ta sake tarawa.

A farkon shekarun 1950 Faransawa suka gina barikin da ke kan dutse yana leƙen gari, wanda ake kira Fort Massu. A Elmeki, kan hanyarmu ta Agadas, ana haƙar kuza. Bayan ƴancin kai aka samu uraniyom: SOMAIR ta fara fitar da shi a Arlit a 1971, COMINAK a 1978. Sabbin garuruwa suka tashi cike da ma'aikata masu albashi masu son tumatir da albasa da ƴaƴan itace, mai garka ya samu kasuwar da ba Agadas kaɗai ba.

FARI, DA JAMUSAWA KARO NA BIYU

Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi ba adadi. Bayansa ne proje na Jamusawa ya shigo yankin nan, aka yi aikin hanya da rijiyoyi da kare bakin garake daga cin ƙorama. A cikin shekarun 1970 ɗin nan kuma wani malamin jami'a Bajamushe, Gerd Spittler, wanda ya fara bincikensa a ƙasar Gobir, ya zo ya zauna da Kel Ewey na Timia. Ya bi ayari, ya zauna da masu kiwo, ya ga farin 1984 da idonsa, ya rubuta littattafai a kan yadda mutanen nan suke fuskantar fari da yunwa. An fassara aikinsa da Faransanci a 1993. Abin da ya jawo hankalin masu karatu a Turai shi ne bai nuna mu a matsayin mabarata masu jiran buhun taimako ba. Ya nuna mutane masu dabara, masu tuna farin da ya wuce don su san yadda za su yi da na yanzu, masu riƙe mutuncinsu ko da tukunya ba komai. Abin kunya a gare mu shi ne ɗalibi a Jamus ya fi ɗalibin kolej ɗin Timia sauƙin samun waɗannan littattafai.

Garake kuwa suka ci gaba da sauya kama. Kusa da dabino da alkama da masara, itatuwan lemu da pampalemus da rumman da inabi suka yawaita, har ya zama in lokacin sanyi ya yi, a kasuwar Agadas da ta Yamai sunan Timia ake kira a sayar da lemu.

ZAMANIN TURIS

Sai dutse na huɗu ya zo. A shekarun 1980 tseren motocin Paris-Dakar ya riƙa ratsa Agadas, kamfanonin yawon buɗe ido suka buɗe, Mano Dayak yana cikin na gaba. A 1988 aka kafa gandun Air da Tenere, a 1991 UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya. Duk motar da za ta Tenere ko ta dawo, sai ta tsaya a kaskad. Maƙera suna shimfiɗa kayan azurfa, mata suna kawo tabarmi da kayan fata, matasa sun zama direbobi da masu dafa abinci da masu jagora. Da yawanmu kalmomin Jamusanci da Italiyanci na farko da muka sani a bakin ruwan nan muka tsince su.

Tawayen farko ya tsayar da komai. A 1992 UNESCO ta mayar da gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Aka sa hannu kan zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, baƙi suka dawo, jirage suna sauka Agadas kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi. Wata ƙungiyar Faransawa, Les Amis de Timia, ta gyara tsohon barikin kan dutse. Aka fara bikin Air a Iferwan. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Timia ta samu magajin gari da majalisarta. Muka ɗauka an wuce wurin.

A watan Fabrairun 2007 aka kai hari Iferwan, tawaye na biyu ya tashi, hanyoyi suka cika da nakiya. Kafin a gama farfaɗowa, a Satumbar 2010 aka sace ma'aikata a Arlit. Ofisoshin harkokin waje na Turai suka shafa wa taswirarmu jan launi. Shi ke nan. Takarda ɗaya da aka sa wa hannu a wani babban birni, kamar dai yadda ta faru da garuruwan wanka na Jamus a 1997, sai dai su an rage musu baƙi ne, mu kuwa an ɗauke mana su gaba ɗaya. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne. Maƙerin da ya saba sayar da zobe a bakin kaskad ya koma neman biza don ya kai kayansa Turai, direba ya koma hanyar Libiya, mai jagora ya koma wanke kwanoni a otel ɗin wasu.

Amma gari bai watse kamar Asode ba. Dalili, ba a taɓa ɗora tukunyar duka a kan dutse na huɗu ba. Garka tana nan, awaki suna nan, ayari ya ragu ƙwarai saboda manyan motoci amma bai mutu ba.

ABIN DA KE GABANMU

Yau barazanar daga cikin gida take. Injin ban-ruwa ya maye gurbin takarkart, kuma wallahi ba wanda zai ce a koma wahalar da. Inji ya ƴantar da yara sun tafi lakwal, ya faɗaɗa garake, albasar Abzin ta kai har kasuwannin Abijan da Akara. Sai dai inji ba ya gajiya. Muddin akwai mai ko gas ko rana, zai ja. Ku tambayi duk mai garkar da ya haura shekara hamsin gaba nawa rijiyar ubansa take, gaba nawa tasa take yanzu, kuma sau nawa ya ƙara mata zurfi. Kowa yana ja daga tulu ɗaya ne da ke ƙarƙashin yashi, na sama da ƙorama yana sha kafin na ƙasa. A gefe guda ruwan da ke zuwa da ƙarfi yana cinye bakin garake, irin wanda ya rusa unguwanni a Agadas a Satumbar 2009. Tun 2014 kuma da zinariya ta fito a Jado da Cibarakaten, hannayen da ke gyara bakin ƙorama da yasar rijiya da yawansu suna can. COMINAK ta rufe a 2021, wani ɓangare na kasuwar Arlit ya tafi da ita.

Yanzu mu koma Tafadek inda muka faro. Tafadek tana arewa da Agadas, ta wajen Cirozerin, ba cikin ƙaramar hukumarmu take ba, amma wane gida ne a Timia da ba a taɓa kai tsoho ko tsohuwa can ba? Ruwa ne mai zafi da ke fitowa daga ƙasa da kansa, mutane suna zuwa saboda sanyin ƙashi da ciwon gaɓoɓi da cututtukan fata, su yi kwanaki suna shiga suna fita. Ga abin lura: lokacin da jan launi ya kori turis daga kaskad, bai kori masu zuwa Tafadek ba. Masu zuwa can namu ne, daga Agadas da Tawa da Maraɗi da Damagaram, har da maƙwabta. Ba sa tambayar wani ofishin jakadanci izini. Baƙon da ya fi tabbata ashe shi ne wanda muka fi rainawa.

Ɗanmu na Jamus ya ce da suna da irin ruwanmu bai san inda za su kai ba. Mu abin da muka gani a tarihin garin nasa, ruwan shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da suka mallaka. Sun rubuta, sun auna, sun sa likita kusa da mai wanka, sun karɓi ɗan kuɗi a hannun baƙo sun mayar da shi wurin, sun jawo ƙauyukan kewaye cikin lissafi. A cikin waɗannan ba wanda ya fi ƙarfinmu.

Ana iya auna ruwan Tafadek a kafa sakamakon a allo da Tamajek da Hausa da Faransanci, kowa ya san abin da ke ciki. Ana iya ajiye ma'aikacin lafiya a lokacin da jama'a suka fi yawa, ya auna hawan jini kafin tsoho ya shiga, don ruwan zafi yana da haɗari ga mai ciwon zuciya da mai hawan jini da mace mai ciki, kuma kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye shi don ya yi wanka. A nan gida, ana iya hana wanki da sabulu da zubar da leda a agelmam, a sa wa mai zuwa ɗan abin da zai biya, da rasit, kwamiti ya riƙa karanta lissafin a rediyo. Kowace ƙungiyar masu garka tana iya zaɓen rijiya biyu ko uku, a riƙa zura igiya ranar ɗaya ga wata ana rubutawa a kaye. Bayan shekara biyar za mu san gaskiyar ruwanmu da alƙalami, mu daina gardama a kan tabarma. Daga nan ne za a iya zama, na sama da na ƙasan ƙorama, Timia da ƙauyukanta, a yi maganar awa nawa inji zai yi a watannin bazara. Magana ce mai zafi, mun sani, don ta taɓa aljihu. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma gara mu yi ta yanzu da sauran ruwan.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu ƴan rediyo. Dattawan da suka yi taghlamt sau ashirin, da iyayenmu mata da suka riƙe awaki a farin 1984, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Barth ya rubuta nasa, Spittler ya rubuta nasa, mun gode musu. Namu ya rage. Daga mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu fara zagayawa da na'urar ɗaukar murya, za mu faro da Krip-Krip. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da ke tuna shekarar da aka haƙa rijiyar garkarsu, ko wanda ya fara dasa lemu a unguwarsu, ko yadda ake zuwa Tafadek a kan raƙumi, ya aiko mana da saƙo mu zo har gida. Wanda kuma ya ga mun yi kuskure a wani wuri, ya gyara mana, za mu karanta gyaran a shiri.

Gaisuwa ga ɗanmu na Bavariya da ya tayar da wannan zance. Allah ya ba mu damina mai albarka marar ɓarna, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.